Nauyin Jiki da Cutar Korona: Darasin da Aka Koya a Gadajen Asibiti

'Yan'uwa, a wurinmu idan mutum ya yi tafiya ya dawo da kumatu da tumbi, abin da ake ce masa shi ne, "Kai, ka yi ƙiba, lallai wurin ya karɓe ka." Idan amarya ta yi wata uku a ɗakin miji ba ta murje ba, sai dangi su fara tambaya ko ana ba ta abinci. Mun ɗauki ƙiba alamar hutu da wadata, kuma muna da dalili, domin yawancinmu mun san yadda jiki ke zubewa a tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona kuma ya yi yawa.

Annobar korona ta sa likitoci a ƙasashe da yawa sun sake duban wannan magana. Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019, ta shigo Nijeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Mutanen da aka kai rahoton mutuwarsu ga Hukumar Lafiya ta Duniya sun haura miliyan 7. A ranar 5 ga Mayu, 2023 hukumar ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya, amma ƙwayar cutar tana nan tana yawo, tana kuma kwantar da tsofaffi da masu raunin jiki. A cikin waɗancan shekaru an rubuta tarihin miliyoyin majinyata, aka ga waɗanda suka tashi da waɗanda ba su tashi ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fito fili shi ne cewa nauyin jikin mutum yana da hannu a yadda jinyarsa take ƙarewa. Bari mu bi maganar daki-daki, domin darasinta ya shafi sauran cututtukan ƙirji da muke fama da su kowace shekara.

Yadda ake sanin nauyi ya yi daidai

Sikeli kaɗai ba ya faɗin gaskiya duka. Kilo 75 a jikin dogon mutum daidai ne, a jikin gajere kuwa ya yi yawa. Saboda haka ma'aikatan lafiya suna haɗa nauyi da tsawo su fitar da lamba ɗaya wadda suke kira BMI. Ana auna tsawon mutum da mita, a ninka tsawon da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Misali, mace mai tsawon mita 1.60: idan aka ninka 1.60 sau 1.60 za a sami 2.56. Idan nauyinta kilo 64 ne, a raba 64 da 2.56, lambarta ta zama 25.

Ga yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba lambobin ga manya. Ƙasa da 18.5 rama ce. Daga 18.5 zuwa 24.9 jiki ya yi daidai. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗara ƙima. Daga 30 zuwa sama ƙiba ce, daga 40 kuwa ƙiba ce mai tsanani. Ga mai tsawon mita 1.60, rama tana farawa ƙasa da kilo 47, ƙiba kuma daga kilo 77. Ga mai tsawon mita 1.70, rama tana ƙasa da kilo 53, ƙiba daga kilo 87. Wannan lissafi na manya ne. Ba a yin sa haka ga yara ko mata masu juna biyu.

Inda babu sikeli, igiya ta isa. A auna tsawon mutum da igiya daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke ta, a ninke ta biyu. A zagaya ninkakkiyar igiyar a cikinsa, ɗan sama da cibiya kaɗan, bayan ya saki numfashi. Idan bakin igiyar biyu sun haɗu, to, madalla. Idan sun ƙi haɗuwa, faɗin cikin ya wuce rabin tsawonsa, kitsen ciki ya yi yawa ke nan. Wannan awo yana da amfani sosai, domin manomi mai ƙwanji zai iya yin nauyi a sikeli alhali tsoka ce, wani kuma ga shi siriri a hannu da ƙafa amma tumbi ya yi gaba. Kitsen da ke taruwa a ciki shi ya fi cutarwa.

Abin da likitoci suka gani

Tun a 2009, lokacin annobar murar da aka kira murar aladu, likitoci sun lura cewa masu ƙiba sosai sun fi shan wuya. Da korona ta zo sai abin ya sake bayyana da ƙarfi.

Ɗaya daga cikin rahotannin farko ya fito daga asibitin jami'a na birnin Lil a arewacin Faransa, a watan Afrilu na 2020. Likitoci sun duba majinyata 124 da ke ɗakin kulawa ta musamman, wato inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya fi tsananta a kansu. Kusan rabinsu masu ƙiba ne. Cikin waɗanda lambarsu ta wuce 35, kusan 86 cikin 100 sai da aka zura musu bututu a maƙogwaro aka haɗa su da na'urar numfashi.

A Birtaniya an bi bayanan majinyata 20,133 da aka kwantar a asibitoci a farkon annobar. Bayan an cire tasirin shekaru da sauran cututtuka, an ga haɗarin mutuwar mai ƙiba ya ɗara na wanda ba shi da ita da misalin kashi ɗaya cikin uku. Firayim Ministan ƙasar na lokacin, Boris Johnson, shi ma ya kwanta a ɗakin kulawa ta musamman a Landan a watan Afrilu na 2020. Bayan ya warke ya faɗa da bakinsa cewa nauyinsa ya yi yawa sa'ad da cutar ta kama shi, a watan Yuli kuma gwamnatinsa ta fito da shirin rage ƙiba a ƙasar.

A watan Agusta na 2020 wasu masana a ƙarƙashin Farfesa Barry Popkin na Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka suka tattara bincike 75 daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗa sakamakonsu. Sun sami cewa mai ƙiba da ya kamu da korona, haɗarin a kwantar da shi a asibiti ya fi ninki biyu. Haɗarin shiga ɗakin kulawa ta musamman ya ƙaru da kashi 74 cikin 100, na mutuwa kuma da kashi 48 cikin 100.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da nata rahoto a watan Maris na 2021, bisa manya 148,494 da aka gani da korona a asibitoci 238. Kimanin 51 cikin 100 masu ƙiba ne, wasu 28 cikin 100 kuma nauyinsu ya ɗara ƙima. A nan sai mu yi hankali, domin dama can fiye da kashi 40 cikin 100 na manyan Amurka masu ƙiba ne, don haka dole a same su da yawa a kowane asibiti. Abin da ya fi muhimmanci a rahoton shi ne yadda haɗari yake hawa tare da lambar. Mafi ƙarancin haɗarin mutuwa yana wajen lamba 24. Daga nan sai ya riƙa ƙaruwa, har ga masu lamba 45 zuwa sama ya kai ƙarin kashi 61 cikin 100.

Mu fahimci abin da waɗannan lambobi suke nufi. Idan aka ce haɗari ya ninka biyu, ba a ce kowane mai ƙiba zai kwanta ko zai mutu ba. A misali, idan cikin mutum 100 masu matsakaicin jiki mutum 3 ne za su kwanta a asibiti, ninki biyu yana nufin mutum 6 cikin masu ƙiba 100. Yawancin masu ƙiba da suka kamu da korona sun warke. Amma ƙarin mutum 3 a kowane 100, idan aka lissafa a gari guda ko ƙasa guda, gidaje ne masu yawa da aka yi makoki.

Ƙuruciya ba ta rufe ƙiba ba

A farkon annobar an yi ta cewa korona cutar tsofaffi ce. Akwai gaskiya a ciki, amma ƙiba ta ɓata wa matasa da yawa wannan lissafi. A wani babban asibiti a birnin Niyok an duba mutum 3,615 a 2020. Cikin waɗanda ba su kai shekara 60 ba, masu lamba 35 zuwa sama sun fi sauran shiga ɗakin kulawa ta musamman fiye da ninki uku. A kudancin jihar Kalifoniya an bi mutum 6,916, aka ga masu lamba 45 zuwa sama haɗarin mutuwarsu ya kai ninki huɗu, abin kuma ya fi ƙarfi ga maza da waɗanda ba su wuce shekara 60 ba.

Wani babban bincike a kan wannan batu masanan Jami'ar Okusfod ne suka yi shi, suka buga a 2021. Sun duba bayanan mutum miliyan 6.9 a Ingila. Sun ga cewa tun daga lamba 23 haɗarin kwanciya a asibiti yake fara hawa, kashi 5 cikin 100 ga kowace lamba ɗaya da ta ƙaru. Tasirin nauyi ya fi ƙarfi ga masu shekara 20 zuwa 39, yana raguwa yayin da shekaru ke ƙaruwa. Sun kuma ga ya fi ƙarfi ga baƙar fata fiye da Turawa. Wannan ya isa ya sa mu buɗe kunne.

Duk da haka, shekaru su ne babban abu. Wani bincike a kan mutum miliyan 17 a Ingila ya nuna cewa wanda ya haura shekara 80 haɗarin mutuwarsa ya fi na mai shekara 50 zuwa 59 sau 20, alhali ƙiba mai tsanani ta kusan ninka haɗarin sau biyu ne. Tsoho siriri ya fi saurayi mai tumbi zama cikin haɗari. Bambancin shi ne, shekaru ba a rage su, nauyi kuwa ana iya gyara shi.

Me ya sa ƙiba take tsananta ciwon?

Na farko, numfashi. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka wadda take sauka ƙasa duk lokacin da muka ja iska, huhu ya sami wurin buɗewa, kamar yadda zugazugin maƙeri yake cika da iska. Idan kitse ya cika ciki, yana tura wannan tsoka sama, ƙasan huhu ya matse. Abin yana ƙaruwa idan mutum ya kwanta rigingine. Mai lafiya ba ya jin wannan sosai, sai dai haki idan ya hau tudu. Amma sa'ad da korona ta cika wani sashe na huhu da ruwa, ɗan wurin da ya rage ba ya isa, ga shi kuma babban jiki ya fi ƙaramin jiki buƙatar iskar oksijin.

Na biyu, kitse ba a kwance yake kawai kamar mai a tulu ba. Yana fitar da sinadarai da ke sa jiki cikin ɗan kumburi na ciki kullum, kamar garwashin da toka ta rufe. Abin da ya kashe majinyata da yawa shi ne yadda garkuwar jikinsu ta yi faɗa fiye da kima a mako na biyu na ciwon, har ta lalata huhunsu. Jikin da dama yana da garwashi ya fi saurin kamawa da wannan wuta. A 2022 masanan Jami'ar Sitanfod a Amurka sun nuna cewa ƙwayar korona tana iya shiga cikin kitsen kansa ta tayar da kumburi a can.

Na uku, daskarewar jini. Korona tana sa jini ya yi guda a cikin jijiyoyi. Ƙiba ma haka take yi, doguwar kwanciya ma haka. Idan gudan jini ya tashi daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu, mutum zai iya mutuwa farat ɗaya.

Na huɗu, ƙiba ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. Sau da yawa tana tare da ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya ko na ƙoda, kowannensu kuma yana ƙara wa korona ƙarfi. Mutane da yawa a ƙauyukanmu suna ɗauke da suga ko hawan jini shekara da shekaru ba su sani ba, sai wani ciwo ya kai su asibiti a gano. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyar, jinyar kanta ta fi wuya. Samun jijiya don ƙarin ruwa, ɗaukar hoton ƙirji, zura bututun numfashi, duk sun fi wahala a babban jiki. Likitoci sun gano cewa kwantar da majinyaci rub-da-ciki yana buɗe bayan huhu, iska ta fi shiga. Juya mai nauyi sosai kuwa yana bukatar ma'aikata da yawa, shi kansa ma bai cika jure kwanciya a kan tumbi na awoyi ba.

Rama ma haɗari ce

Kada wani ya karanta wannan ya ce, "Ai ni siriri ne, na tsira." Sa'ad da masana suka zana layin haɗari, ya fito kamar ƙugiya: ya ɗaga a ɓangaren rama, ya sauka a tsakiya, sa'an nan ya hau sosai a ɓangaren ƙiba. Binciken Okusfod ya ga haka a kwanciya asibiti da mutuwa. Rahoton Amurka ma ya nuna masu rama sun fi masu matsakaicin jiki kwanciya a asibiti da kashi 20 cikin 100.

Dalilin a fili yake. Ciwo mai zafi yana cin jiki. Zazzaɓi yana ƙone ƙarfi, baki ya ƙi abinci, korona kuma takan ɗauke jin ƙamshi da ɗanɗano. Wani bincike a birnin Milan na Italiya ya sami cewa kusan mutum 3 cikin 10 da suka warke sun zubar da fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsu. Wanda ya shiga ciwo ba shi da ajiya, da me zai yi wannan doguwar tafiya? Numfashi da tari ma aikin tsoka ne. Ramammen tsoho yakan gaji da numfashi, ya kasa fitar da majina daga ƙirji. Wannan yana cikin dalilan da suka sa a wasu asibitoci aka ga tsofaffi masu ɗan jiki sun fi ramammu tashi daga jinya.

Akwai kuma abin da ke ɓoye a bayan rama. Ruwa ba ya tsami banza. Babban mutum da yake ramewa alhali yana cin abinci, mai yiwuwa tarin fuka ne, ko ƙanjamau, ko ciwon suga da ya yi nisa, ko ciwon daji. A lardin Kef ta Yamma a Afirka ta Kudu, bincike na 2020 ya nuna cewa masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau haɗarin mutuwarsu da korona ya kai ninki biyu, masu fama da tarin fuka kuwa ya fi haka.

A kuma lura da kumburi. Wanda ƙafafunsa, fuskarsa ko cikinsa suka cika da ruwa zai yi nauyi a sikeli, amma wannan ba ƙiba ba ce. A danna yatsa a ƙaurinsa na ɗan lokaci. Idan wurin ya lotsa bai dawo da sauri ba, ruwa ne, alamar ciwon zuciya, ƙoda, hanta ko rashin abinci mai gina jiki. Wannan maganar asibiti ce.

Ina muka tsaya a nan gida?

Yawancin binciken da muka ambata an yi su ne a Turai da Amurka, inda ƙiba ta fi yawa. Mu namu nauyin biyu ne. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa cikin mata masu shekara 15 zuwa 49, kashi 12 cikin 100 suna da rama, kashi 28 cikin 100 kuma nauyinsu ya wuce ƙima ko suna da ƙiba. Ƙiba ta fi yawa a birane, amma tana shigowa ƙauye tare da babur, injin niƙa, lemon kwalba da taliyar leda. A gida ɗaya za a iya samun kaka ramammiya da suruka mai teɓa.

Mutuwar korona da aka rubuta a Nijeriya ta ɗan haura 3,000, kaɗan ce idan aka kwatanta da Turai, ko da yake gwajin da aka yi a nan ma kaɗan ne. Yawan matasa a cikinmu ya taimaka. Sai dai wanda ciwon ya tsananta a kansa a nahiyarmu ya fi shiga haɗari. Wani bincike da aka buga a watan Mayu na 2021 ya bi majinyata fiye da 3,000 masu ciwo mai tsanani a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka 10, har da Nijeriya, Nijar da Gana. Kashi 48 cikin 100 sun mutu cikin kwana 30, alhali a duniya baki ɗaya abin bai kai kashi 32 ba. Ƙarancin gadaje da kayan aiki, da jinkirin samun gado, suna cikin dalilai. Ga mutumin ƙauye da asibiti mai oksijin yake da nisan awa biyu ko uku a kan hanya marar kyau, ma'anar wannan ita ce gara ya kare kansa tun ciwo bai kai can ba.

Gargaɗi game da maganin ƙiba

A watan Yuni na 2020 wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna cewa wani tsohon magani mai araha, deksametazon, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ake ba oksijin. Ga waɗanda ba su bukatar oksijin bai amfana ba.

Wannan magani yana cikin ƙwayoyin da wasu 'yan mata da amare suke saye a kemis ko a kasuwa don su yi ƙiba, irin waɗanda ake kira "sha ka fashe". Ƙibar da yake kawowa ta ruwa ce da kitsen fuska da ciki, hannu da ƙafa kuwa su sirance. Shan sa na dogon lokaci yana ta da suga, yana kawo hawan jini, yana raunana ƙashi, yana kuma kashe garkuwar jiki, har tarin fuka da ya kwanta ya farka. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina farat ɗaya, domin hakan ma yana da haɗari. Ya je wurin likita ya faɗi gaskiya a rage masa a hankali. Iyaye mata da masu shirya amare, wannan magana taku ce.

Allurar rigakafi

Rigakafin korona ya fara isowa Nijeriya ranar 2 ga Maris, 2021. Wani bincike a kan mutum miliyan 9 a Ingila, wanda aka buga a 2022, ya nuna cewa allurar ta rage ciwo mai tsanani ga masu kowane irin nauyi, masu ƙiba ma sun amfana sosai. Kariyar ta ɗan ragu ga masu rama, su ne kuma suka fi ƙarancin karɓar allurar. A 2023 masana a Birtaniya sun ga cewa kariyar tana saurin raguwa ga masu ƙiba mai tsanani. Don haka tsofaffi, masu suga, masu ƙiba sosai da masu raunin jiki su tambayi ma'aikacin lafiya na kusa ko akwai allurar da ta dace da su.

Abin da za mu iya yi

Kowane babba ya san nauyinsa da tsawonsa, ya rubuta a katin asibiti ko a littafi. Wannan yana da amfani ranar jinya, domin wasu magunguna, kamar allurar hana jini daskarewa, da nauyin mutum ake auna su. Wanda ya haura shekara 40, ko igiya ta ƙi haɗuwa a cikinsa, ya riƙa gwada jininsa da suga aƙalla sau ɗaya a shekara.

Mai son rage nauyi ba sai ya sayi wani shayi ko ƙwaya ba. Ya rage lemon kwalba da sukari a koko, kunu da shayi. Ya rage soye-soye, giya da burkutu. Ya rage malmalar tuwo, ya ƙara miyar ganye: kuka, zogale, alayyafo, rama, yakuwa, kuɓewa. Wake, acca, gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, a tuna kuma dunƙulen miya gishiri ne. Da rani, sa'ad da aikin gona ya tsaya, a riƙa tafiya da ƙafa rabin awa, kwana biyar a mako. Rage kilo 4 ko 5 ga mai kilo 90 ya isa ya fara saukar da suga da hawan jini. Mace mai ciki ko mai shayarwa kada ta shiga rage abinci sai da shawarar ma'aikatan lafiya.

Mai rama kuwa a fara da neman dalili. Tari na sama da mako biyu, zufar dare, zazzaɓin da ya ƙi tafiya, yawan fitsari da ƙishirwa, duk suna bukatar gwaji. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta keɓe. A ƙara masa abinci mai gina jiki da muke da shi: kunun gyaɗa, waken soya, ƙwai, nono da aka tafasa, kifi, ƙuli-ƙuli, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. A sa ido musamman a kan tsofaffin da ke zaune su kaɗai da waɗanda haƙoransu suka zube.

Idan mai ƙiba, ramamme, tsoho ko mai suga ya kamu da zazzaɓi da tari, kada a tsaya jiran gobe. A kai shi asibiti nan da nan idan numfashinsa ya kai sau 30 a minti ɗaya, ko ya kasa gama magana saboda haki, ko ƙirji yana masa ciwo, ko leɓɓansa da harshensa sun sauya launi, ko ya rikice, ko ya kasa shan ruwa. Yawancin asibitoci suna da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan oksijin a jini. A roƙa a gwada shi da ita, domin an ga masu korona da yawa suna hira lafiya lau alhali oksijin ɗinsu ya faɗi. Ƙasa da 90 ciwo ne mai tsanani. A kan hanya kada a shimfiɗe mai tumbi rigingine. A jingina shi a zaune, ko ya kwanta ta gefe.

Abu na ƙarshe, mu kiyaye bakinmu. Ƙiba tana da dalilai da yawa: gado, haihuwa, wasu magunguna, irin aikin da mutum yake yi. Rama ma sau da yawa talauci ne ko ciwo. Wanda aka yi wa dariya yakan ƙi hawa sikeli, ya ƙi zuwa asibiti, sai abu ya ɓaci. A taron mata, na maza ko na matasa, ana iya aro sikeli daga asibitin ƙauye, a kawo igiya, a gayyato ma'aikacin lafiya ya auna kowa cikin sirri da mutunci, ya ba shi shawarar da ta dace da shi. Rigakafi ya fi magani, lafiya kuma ita ce uwar jiki. Allah ya ƙara mana ita.